Cutar Zomaye: Shin Kare Na Da Hannu A Ciki?

Tun da yaranmu suka shiga kiwon zomo a bayan gida, daga nan Nkomkana har cikin Birketeri, tambaya ɗaya ke ta dawowa majalisarmu: wai cutar nan mai kumbura wa zomo ido da kunne, kare ne ke yawo da ita? Wasu ma tsoronsu kada karen makiyayi ya kai ta cikin garke. To, bari mu warware zancen.

Turawa na kiranta miksomatosis. Ƙwayarta dangin ta agana ce, asalinta kuwa Kudancin Amurka, inda ba ta yi wa zomayen dajin can komai sai ɗan ƙurji. Amma in ta faɗa wa zomon Turai, wanda shi ne irin da muke kiwo a keji, sai dai haƙuri. Ido ya kumbura ya rufe, kai ya kumbura, yawanci kafin mako biyu ya mutu.

Abin mamaki, mutane ne suka baza ta da gangan. A 1950 hukumomin Ostareliya suka sake ta, saboda zomaye sun cinye wa tumaki da shanu makiyaya. An ƙiyasta daga miliyan 600 suka koma wajen miliyan 100. A 1952 kuma wani likita Bafaranshe, Armand-Delille, ya yi wa zomaye biyu allurarta a gandunsa, yana zaton katanga za ta tsare ta. Ina! Sauro bai san katanga ba. Cikin shekara biyu, tara cikin goma na zomayen dajin Faransa suka ƙare, a 1953 kuma ta riga ta ƙetara Ingila.

Sauro da ƙuma su ne 'yan dakonta. In suka ciji mai ciwo, ƙwayar ta manne musu a baki, su kai wa mai lafiya, tamkar yadda allura ɗaya ke zagaya garke ba a dafa ta ba. Wannan kam mun san shi. A cikin rami abin ya fi muni, don zomo na mutuwa ƙumarsa ke neman wani jikin.

Kare fa? Ba ya kamuwa. Haka saniya, haka tunkiya, haka mutum. A 1951 masana uku a Ostareliya suka yi wa kansu allurar ƙwayar don jama'a su natsu, ko ciwon kai ba su yi ba. Iyakar laifin kare, in ya shinshini mushen zomo yana iya kwaso ƙuma a gashinsa ya kawo gindin keji, abin da buhu ko takalminmu ma ke iya yi.

Zomon dajinmu kuwa, wanda maharba ke kawowa, wani iri ne daban. Ba ya haƙa rami, kuma cutar ba ta cika kama irinsa ba, ko da yake a 2018 wani sabon nau'inta ya kashe danginsa da yawa a Sipaniya.

Don haka mai keji ya rufe shi da gidan sauro, ya ware sabon zomo mako biyu, ya binne mushe da zurfi, in ya ga ido ya kumbura ya kira likitan dabbobi. Shi kuwa kare, abin tsoro a jikinsa haukan kare ne, wanda ke kashe sa, ya kashe mai sa. A yi masa rigakafi. In ya ciji wani, a wanke wurin sosai da ruwa da sabulu, a garzaya Centre Pasteur nan Yawunde a ranar.