Tumatirin Rumfar Leda a Damina: Ko Ya Cancanci Kuɗinsa?

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a birnin Bauchi ya san cewa tumatir yana da zamanin yalwa da zamanin ƙunci, domin daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da noman rani ya nuna a fadamun Jama'are da filayen Kadawa ta ƙasar Kano, kwanduna kan cika har 'yan gwari su riƙa roƙon mai saye, amma da zarar bazara ta tsananta, damina kuma ta biyo bayanta, sai kashi ya ƙanƙance, gyara ta ɗauke, uwargida ta koma lissafin ƙwayoyi. Sababin haka a bayyane yake: zafi mai tsanani yana kakkaɓe furen kafin ya ƙulla ɗa, ruwa da laima suna jawo ruɓa da cutar ganye, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

A wannan lokaci na ƙunci ne mai saye yakan gamu da wani tumatir jajir, sumul, mai tauri, wanda ake nomawa cikin rumfar leda, musamman a tuddan Jos inda iska take da sanyi. Rumfar kuwa ginshiƙan ƙarfe ce da aka rufa wa leda a sama domin tare ruwa, aka kewaye da raga domin hana ƙwari, ana shayar da shukar ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo, ana ɗaure ta da igiya tana hawa tana ba da 'ya'ya watanni a jere. Da yake ƙarfe da leda da ingantaccen iri da taki duk da tsada ake samunsu, ba zalunci ba ne idan manomi ya ɗora kuɗinsa a kan amfanin.

Mutanen Turai sukan zargi irin wannan tumatir da cewa salam yake, kuma suna da hujja, domin a ƙasa kamar Holan ana dumama rumfar ne a tsakiyar hunturu alhali rana ta yi ƙaranci, zaƙin tumatir kuwa daga hasken rana yake. Mu a nan Allah Ya hore mana rana, saboda haka illar da za mu kiyaya ita ce tsinkar ɗan tun bai ƙosa ba domin ya jure tafiya, wanda hakan ke sa ya yi ja a ido, cikinsa kuwa ruwa. Kada kuma kyan fata ya sa a zaci ba a taɓa yi masa feshi ba. Wanki wajibi ne a kowane hali.

To, idan aka auna mas'alar da ma'aunin maslaha, hukuncin yana bin abin da za a yi da shi. Wanda zai yanka ɗanye a kan kwaɗo ko tsire, ko mai gidan abinci da ke bukatar abin da zai kwana bai narke ba, ya ci riba idan ya sayi na rumfa, domin arhar da ake zubar da rubaɓɓen cikinta ba arha ba ce. Amma wadda za ta markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa ta soya miya, to, biyan kuɗin kyan da injin markaɗe zai shafe yana kusa da israfin da malamai suka yi horo a bari, alhali ga kauɗar tumatir, wadda idan aka shanya ta a wuri mai tsabta, aka wanke, aka jiƙa, tana ba da miya mai kauri da launi.

Shawarata ga magidanta ita ce su sayi na rumfa kaɗan, gwargwadon bukatar ci ɗanye, su kuma tanadi kauɗa tun a watan Fabrairu, lokacin da kwando yake arha, domin tattalin rani shi ke rufa asirin tukunya a damina.