Hutun da ke Cinye Ƙarfin Tsofaffi

A gidajenmu, da zarar mutum ya haura sittin sai 'ya'ya su karɓe masa fartanya, a hana Inna shara da daka, a ce, "Ku huta haka nan, kun yi naku." Niyyar kyakkyawa ce, amma jiki bai san niyya ba. Tsokar da ake mora ita yake ciyarwa, wadda aka ajiye kuwa sai ya riƙa zaftare ta. Tun daga wajen shekara 30 tsoka take fara raguwa sannu a hankali, bayan 60 abin ya ƙara sauri, zaman wuri ɗaya kuma yana ingiza shi.

A cinya aka fi ganin ɓarnar. Ita ke ɗaga mutum daga tabarma, ita ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Idan ta yi rauni, miƙewa ta zama aiki, sai tsoho ya rage tashi, rashin tashin ya ƙara raunana ta. Ana haka wata rana santsin banɗaki ya kwashe shi, ga ƙashi dama ya rage ƙwari, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Karayar ƙugu kan kwantar da tsoho watanni, wasu ma ba sa sake takawa.

Masu ciwon gwiwa sukan ce tafiya ce ke cinye ta. Ba haka abin yake ba. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini. Kamar soso yake, sai an matsa an saki yake tsotsar abinci daga ruwan gaɓar. Gwiwar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su samu motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na hana tangaɗi kwana uku. Ba sai an je filin wasa ba. Taka sayyada zuwa masallaci ko kasuwa na minti 30, kwana biyar, ya cika mafi ƙarancin adadin, muddin tafiyar ta ɗan ɗaga numfashi amma ana iya magana. Tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafawa ba yana gina cinya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara tuntuɓar likita, ya kauce wa zafin rana, ya kuma dakata nan take idan ya ji jiri ko ciwon ƙirji.