Rarraba halittu da raɗa musu suna a kimiyya: abin da ya shafi masu tsara kalmomin Hausa

Duk wanda aka ɗora wa aikin shirya littafin karatun manya a kan noma, ko kiwo, ko kula da daji, ba ya nisa sai ya ci karo da sunaye na Latinanci a cikin takardun ma'aikatan gona da na gandun daji. Abin da aka fi yi shi ne a kwafe su yadda suke, ko kuma a zubar da su a ce ba ruwan Bahaushe da su. Duka biyu gajartawa ce, domin sunayen nan suna bisa wani tsari, kuma sai an fahimci tsarin za a san inda Hausa ta dace da shi da inda ta saɓa masa.

Wanda ya daidaita wannan tsari shi ne Karl Line, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda ake rubuta sunansa Linnaeus da Latinanci. Kafin zamaninsa masana Turai sukan kira tsiro ɗaya da doguwar jimla mai bayyana ganyensa da furensa, kowa kuwa da tasa jimlar. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, sa'an nan ya yi wa dabbobi haka a bugu na 10 na Systema Naturae a 1758. Daga waɗannan shekaru biyu ake fara lissafin sunayen da kimiyya ta yarda da su. Kalmar farko tana nuna ƙungiyar da halittar take ciki, ana fara ta da babban baƙi. Ta biyu tana ware ta daga ƴan'uwanta, da ƙaramin baƙi. Kuka ita ce Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica, aduwa kuwa Balanites aegyptiaca. Idan sunaye biyu suka haɗu a kan halitta ɗaya, wanda aka riga bugawa bisa ƙa'ida shi ne ke tsayawa, kuma kowane suna yana ɗaure da wani samfuri da aka adana a ma'ajiya, wanda za a koma gare shi in gardama ta tashi.

Ƙungiyoyin nan suna shiga cikin juna hawa-hawa, kamar gida a cikin unguwa, unguwa a cikin gari. Matakan da aka fi sani guda 7 ne, kuma a nan ne aikin masu tsara kalmomi yake da nauyi, don Hausa ta yau da kullum tana musanya iri da jinsi da nau'i da dangi ba tare da an lura ba. A hira wannan ba laifi ba ne, amma a littafin koyarwa dole kowace kalma ta tsaya a mataki guda. Shawarar da ta fi kusa da hankali ita ce a jera su daga sama zuwa ƙasa haka: daula, reshe, aji, sahu, dangi, jinsi, nau'i. Zaki, alal misali, yana cikin daular dabbobi, a reshen da ya ƙunshi masu ƙashin baya, ajin masu shayarwa, sahun maciya nama, dangin kyanwa, jinsin Panthera, sunansa cikakke kuwa Panthera leo. Damisa jinsinsu ɗaya, ita ce Panthera pardus. Kura tana sahu ɗaya da su, amma danginta dabam, kuma duk da kamar da take yi da kare, ta fi kusa da kyanwa.

Da gangan aka bar kalmar iri a waje. Ga manomi, iri shi ne abin da ya ajiye don shuka, shi ne kuma bambancin da ke tsakanin zango da sauran hatsin da ake nomawa. Wannan mataki yana ƙarƙashin nau'i. Gero da maiwa sun bambanta a lokacin nuna, kowane manomi ya san haka, amma a wurin masana nau'i ɗaya ne, wanda aka daɗe ana kira Pennisetum glaucum, wasu kuma yanzu suke rubuta shi Cenchrus americanus. Dalili shi ne suna barbarar juna su ba da zuriya mai haihuwa, kamar yadda shibra take fitowa daga haɗuwar hatsin gida da na daji. Doki da jaki kuwa, ko da yake jinsinsu ɗaya, wato Equus, nau'i biyu ne, shaida kuwa ita ce alfadari, wanda galibi ba ya haihuwa. In aka ɗauki iri aka ba matakin nau'i, za a rasa kalmar da malamin gona zai yi magana da ita a kan gero da maiwa.

Kada a ɗauka Hausa ba ta da nata tsarin. Suna mai kalma biyu tsohon abu ne a cikinta, kuma wani lokaci yakan faɗa daidai inda kimiyya ta faɗa. Magarya ita ce Ziziphus mauritiana, magaryar kura kuwa Ziziphus mucronata, jinsi ɗaya ke nan a harsunan biyu. Sai dai kurna ma tana cikin wannan jinsi, Ziziphus spina-christi, alhali sunanta na Hausa bai nuna haka ba. A wani wurin kuma sunan yakan haɗa abin da bai haɗu ba. Gwanda da gwandar daji ba dangi ɗaya ba ne. Dankalin Turawa ba ɗan'uwan dankali ba ne na kusa, jinsinsa ɗaya da tumatir da gauta, wato Solanum. Raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, ko da yake a nan Bahaushe ba shi kaɗai ya ga kamar ba: sunan Giraffa camelopardalis, wanda na yankin Kure kusa da Yamai suke ɗauke da shi, ya ƙunshi tsoffin kalmomin Girkanci na raƙumi da damisa. Akwai kuma inda Hausa ta fi kimiyya yawan suna, saboda amfani ne ya dame ta: goriba da kaba tsiro ɗaya ne, Hyphaene thebaica, amma mai saƙar tabarma ba zai yarda a kira su da suna guda ba, kuma yana da gaskiya.

Abin da ke raba tsarin biyu shi ne ma'auni. Bahaushe yana duba kama da amfani da wurin zama. Line ma da kama ya yi aiki, musamman sassan fure. Amma tun da Darwin ya buga littafinsa a kan asalin nau'o'i a 1859, masana suka koma neman tsarin da zai nuna zumuntar asali, wato waɗanne halittu ne suka fito daga tsatso ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa wannan hanya, ya kuma rushe wasu tsoffin rabe-rabe. An gane cewa kada ya fi kusa da tsuntsaye bisa ga damo, naman kaza kuma ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai. Ayu na kogin Kwara, da yake zaune cikin ruwa kamar kifi, mai shayarwa ne, kuma giwa tana cikin makusantansa. Daulolin da Line ya sani na masu rai biyu ne, tsirrai da dabbobi. A 1969 Robert Whittaker ya kai su 5, a 1990 kuma Carl Woese da abokan aikinsa suka ɗora wani mataki a bisa daula, suka raba masu rai kashi 3.

Daga nan ne wata matsala take tasowa wadda masu ƙamus ba su cika lura da ita ba: sunan kimiyya yana canzawa. Gawo ya isa misali. A 1813 aka raɗa masa Acacia albida, kuma da wannan suna ya cika rahotannin ayyukan gona na yankin Matamai da Magarya. A 1934 Auguste Chevalier ya ware shi a jinsi nasa shi kaɗai, ya kira shi Faidherbia albida, da sunan Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, kuma wannan sunan ne ya tabbata daga baya. Sauran ƙayoyin ma ba su tsira ba. Da bincike ya nuna cewa itatuwan da ake tarawa a ƙarƙashin Acacia ba tsatso ɗaya ba ne, sai tambaya ta zama wa zai riƙe tsohon sunan. Taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 ya bar shi ga itatuwan Ostareliya, waɗanda suka fi yawa, taron Melbon na 2011 kuma ya tabbatar da haka, duk da ƙorafin masana da dama masu aiki a Afirka. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro ta zama Senegalia senegal. Kaɗanya, da tsoffin littattafai suke kira Butyrospermum parkii, yanzu Vitellaria paradoxa ce. A duk tsawon wannan lokaci gawo yana nan gawo a bakin mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa.

Wannan yana nufin sunan Hausa ne ya kamata ya zama kan magana a littattafan yaƙi da jahilci, na Latinanci ya biyo baya a matsayin shaida, yadda aka rubuta shi, ba tare da an mayar da shi rubutun Hausa ko an fassara shi ba. Fassara ba ta da amfani, don ma'anar kalmomin sau da yawa tarihi ce kurum: ɗorawa, Parkia biglobosa, tana ɗauke da sunan Mungo Park, kuka kuma da na Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Aikin haɗa sunayen biyu ba sabo ba ne, J. M. Dalziel ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, amma wanda zai ɗauko daga irin waɗannan littattafai sai ya binciki kowane suna ya ga ko yana nan ko an sauya shi. Haka kuma sai a rubuta garin da aka ji kalmar, domin suna ɗaya yakan nufi tsiro kaza a Adar, ya nufi wani dabam a Gobir, kuma mai tattara kalmomi da bai ga ganyen da idonsa ba yana iya haɗa sunan da ba nasa ba. Inda hali ya yi, a tsinko reshe mai fure ko ƴaƴa, a busar da shi tsakanin takardu, a rubuta sunan Hausa da wuri da kwanan wata a jikinsa, a kai wa masanin tsirrai ya tabbatar kafin kalmar ta shiga ƙamus.