Mizanin Gatari da Taki a Dajin da Ya Sake Toho

Duk wanda ya tsaya da hantsi a Ƙofar Wambai, ɗaya daga ƙofofin ganuwar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kewaye Bauchi da ita, ya ga kurar itace da buhunan gawayi suna wucewa, lalle zuciyarsa za ta tafi ga bishiyoyin da aka sare. Amma ƙalilan ne ke tuna ƙananan tsirran da ke zaune a inuwarsu, alhali kuwa su ne ke fara ɗanɗana hukuncin gatari.

Idan aka bar saura ta huta, kututturen kalgo da na sabara da marke da taura sukan fid da toho goma ko ashirin, su cunkushe, su tare rana, har ƙasa ta zauna ba kome sai busasshen ganye. Da zarar mai hikima ya rage tohon, ya bar biyu ko uku mafi ƙarfi, sai haske ya sauka, irin da ya daɗe yana barci cikin ƙasa ya farka da ruwan fari: gamba ta zana ta miƙe, kyasuwa ta ba dabba abinci, yaɗiya ta hau reshe, tafasa ta shiga kwaɗon mata. Wannan rage toho shi ne sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun 1983, wanda albarkarsa ta mai da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a gonakin Jamhuriyar Nijar.

Amma sha'anin taki a daji ya fi na gatari wuyar fahimta, domin zahirinsa alheri ne, baɗininsa kuwa yana da sharaɗi. A Rothamsted ta ƙasar Ingila, inda masana ke gwaji a fili guda tun 1856, an tabbatar cewa wurin da aka yawaita wa takin zamani yakan yi ciyawa mai yawa, amma nau'o'in tsirransa su ragu ƙwarai. Dalili kuwa a fili yake: ciyayi masu haɗama su ke fara shanye takin, su yi tsawo, su danne na ƙasa da su, har ganyen miya da saiwar magani su rasa wurin numfashi. Sa'an nan a dajinmu, idan rani ya tsananta, wannan tulin busasshiyar ciyawa ya zama makamashi, gobara ta bi ta kansa, ta cinye har tohon da aka sha wahalar reno.

Ubangiji Maɗaukaki ya ajiye mana ishara a jikin gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina, ya ba na ƙarƙashinsa haske da taki gwargwadon bukata, ba israfi, ba ƙwauro. Saboda haka ina roƙon malaman daji da sarakunan noma na ƙasar Bauchi, daga gefen Yankari zuwa Lame-Burra, su riƙa duban ƙasa kafin su ɗaga gatari sama, su rage toho da ƙiyasi, su bar takin zamani ga gona. Gama daji amana ne, kuma za a tambaye mu ƙaramin tsiro kamar yadda za a tambaye mu babbar kuka.