Ruwan Faskari da Wutar Kainji

Ruwan saman da ke sauka a Faskari cikin watan Agusta ba ya tsayawa a Jihar Katsina. Daga tudun nan na yankin Funtuwa Kogin Sakkwato ke fitowa, ya ratsa Gusau, ya taru a madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima, ya gangara ta Kebbi ya faɗa Kogin Neja. Daga nan sai Kainji, madatsar da aka kammala a 1968 don samar da megawat 760 na lantarki. Ruwan Ƙanƙara ma Rima yake nufa, na Sabuwa kuwa akasari kudu yake yi, ya bi ta ƙasar Birnin Gwari zuwa Kogin Kaduna.

Cika biyu ke zuwa Kainji a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, mai laka, wanda daminarmu ke turawa daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu baƙin ruwa ne da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana tacewa a fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso. Nan wuyar aikin take. Mai samar da wuta yana son tafki ya cika maƙil don injuna su kai rani suna juyawa. To amma idan tafki ya riga ya cika, ruwa kuma ya ci gaba da zuwa, ba makawa sai an buɗe ƙofofi, gonakin ƙasa su sha. Abin da mutanen Binuwai da Kogi suka gani ke nan a 2012, da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo.

Riƙe ruwa ma yana da tasa ɓarnar. Da aka gama Bakolori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta, aka rasa rayuka da dama.

A kan iyaka, Najeriya riga biyu take sawa. A Jibiya mu ne a sama: madatsar da ke kan Kogin Gada tana tare ruwan da Gulbin Maraɗi ke dogaro da shi, kuma wannan kogi na cikin huɗun da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar ta ce a raba ruwansu bisa adalci. A Kogin Neja kuwa mu ne a ƙasa. An daɗe ana cewa wutar da Najeriya ke sayar wa Nijar wata hanya ce ta lallashinta kada ta datse kogin. Ga shi Nijar na gina madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, mu kuma a Agustan 2023 muka yanke mata wuta bayan juyin mulki, sai a 2024 aka mayar. A ganina wannan mataki ya ba maƙwabta hujjar gaggauta tasu madatsar. Akwai dai Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9 a Yamai, amma ƙarfinta bai wuce abin da gwamnatoci suka yarda da shi ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lakar nan ta farin ruwa. Ƙasar gona ce. Duk inda aka sare itatuwa don gawayi, ko aka yi huɗa har bakin rafi, ko aka kwashe yashi babu tsari, zaizaya na ɗebe ƙasar ta zuba a madatsar Mairuwa, ta zuba a Bakolori. Manomi ya rasa albarkar gonarsa, tafki kuma cikinsa ya rage, ya riƙa saurin tumbatsa da damina, ya ƙafe da wuri da rani. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin ma'aikacin daji ko mai auna ruwa ba ya iya shiga ƙauyuka da yawa na ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

Dokar 2010 ta kafa hukumar HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, don tallafa wa yankunan da madatsun lantarki suka shafa, irin su Neja da Kebbi da Kwara da Kogi. Katsina ba ta ciki. 'Yan majalisarmu na da hujjar neman a ware wani kaso don dashen itace da gyaran zaizaya a bakin rafuffukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, tunda yashe madatsa bayan ta cushe ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.