Kaɗaici a Tsakiyar Jama'a

"Tunani ne ya kashe shi." Haka akan ji a zaman makoki idan dattijon da ya baro ƙauyensa ya rasu ba tare da doguwar jinya ba. Binciken likitoci bai ƙaryata wannan magana ba.

Tun daga harin Tabanni na watan Yulin 2018, wanda ya kwararo da jama'a zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, har zuwa kisan kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, abin da ake ƙirgawa a gabashin Sakkwato shi ne gawawwaki da shanu da buhunan tallafi. Ba wanda ke ƙirga zumuncin da ya watse. Manomin albasa da ya yi shekara hamsin yana sallah a sahu ɗaya, wanda ba a ɗaura aure ko raɗa suna a unguwarsu sai an jira shi, yau yana raɓe a zauren wani a cikin Wurno. Mutane sun kewaye shi, ana miƙo masa tuwo, amma babu mai neman shawararsa, babu wanda ya san sunan kakansa. Matar da ta fita takaba a garin da ba ta da 'yar'uwa ita ma haka, balle tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi cin rani kudu suka daina dawowa da damina saboda gonar ba ta shiguwa.

Jiki yana ɗaukar irin wannan zama tamkar barazana. Sinadarin kotisol, wanda ke tashi lokacin firgici, sai ya ƙi sauka. Barci ya lalace, jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni. Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙarancin hulɗa da mutane na ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 29 cikin ɗari, shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 32. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illarsa da shan sigari har kara 15 a rana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida na fama da kaɗaici, kuma yana da hannu a mutuwar mutane kimanin 871,000 duk shekara.

Ingila ta naɗa minista kan wannan matsala tun 2018. Mu ba minista muke buƙata ba, don kayan aikin suna nan: majalisar bayan la'asar, makarantar dare, adashin mata, gayya. Gyaran da ake buƙata shi ne a daina kallon ɗan gudun hijira a matsayin mai karɓa kawai. Sadaka tana cika ciki, amma wanda kullum shi ake ba yakan ƙara noƙewa. Mai unguwa ya ara masa ɗan fili a fadama, liman ya sa shi cikin masu sulhu ko masu zuwa gaida marar lafiya, mata su sa baƙuwa cikin adashi ko da zubinta kaɗan ne. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwaji ya tabbatar da amfanin hakan. Tsofaffin da ke Gandi da Goronyo za su iya wannan aiki, su ma su warke da shi.

Waya tana taimakawa, musamman kiran murya, sai dai mutanen yankin sun ga iyakarta lokacin da aka katse layukan sadarwa a 2021.

Idan kuwa mutum ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa na makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu, lamarin ya wuce hira. A kai shi asibiti mafi kusa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma a auna masa hawan jini.