"Kun Gane?": Nazari Kan Manhajojin Kacici-kacici da Suka Shigo Aji

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan yanayin. Ka gama zuba bayani, ka juyo ka ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!" Sai ranar gwaji, kana duba takardu, ka tarar rabinsu ko hanyar ba su kama ba. Ba da gangan yaran suka ruɗe ka ba. Wani kunya ce ta rufe masa baki, wata tsoron dariyar 'yan aji take yi, wani kuma shi kansa bai san bai gane ba. Ga tarbiyyar gida, wadda ba ta saba wa yaro ya dubi babba ya ce masa bayaninsa bai shiga ba. Haka malami zai yi ta lalube a duhu, yana ɗora darasi a kan darasi, alhali tushen ginin bai zauna ba.

Wannan giɓin ne manhajojin kacici-kacici da na gabatar da darasi suke cewa sun zo cikewa. Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Malami zai haska tambaya a bango da majigi, ɗalibai su shiga da wata lamba ta waya ko kwamfuta, kowa ya taɓa amsar da ya zaɓa, nan take a ga mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. Wadda ta fi suna ita ce Kahoot!, da ta fito daga Norway a 2013, bisa wani aiki da Farfesa Alf Inge Wang da ɗalibinsa suka fara a jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim. Akwai Quizizz, da aka kafa a Indiya a 2015, wadda ta sauya suna zuwa Wayground a 2025. Akwai Mentimeter ta Sweden da Slido, waɗanda aka fi gani a jami'o'i da tarukan bita, sai Nearpod da Pear Deck da suke cusa tambayoyi cikin shafukan darasin kansa. Google Forms ma tana iya duba amsa ta ba da maki.

Abin da ya ƙara yaɗa su a duniya, annobar korona ce. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamin da ke magana da baƙin allon kwamfuta, bai san ko yaran suna wurin ko sun tashi ba, dole ya nemi abin da zai sa su motsa. Da aka koma aji, al'adar ta biyo shi. A Najeriya kuwa akwai wani dalili na daban da ya fi wannan ƙarfi. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita kacokan kan kwamfuta a 2015, WAEC ma ta soma da ɗalibai masu zana jarrabawa a ƙashin kansu a 2024. Iyaye sun ga yadda yaro mai ƙoƙari yake daburcewa a gaban na'ura don kawai bai saba da ita ba. Makarantun kuɗi sun karanci wannan fargaba, majigi da ɗakin kwamfuta suka zama abin nunawa ranar da uba ya zo neman wa ɗansa gurbi. Tun da yawancin manhajojin suna da ɓangaren kyauta, shigowarsu ba ta yi wuya ba.

Sai dai ba talla kaɗai ke bayansu ba, akwai bincike mai nauyi, kuma ya kamata a san ainihin abin da ya ce. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wani lokaci a sa su sake karantawa, wani lokaci a karɓe takardar a ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, maimaita karatu ne ya fi. Bayan mako guda sai reshe ya juye: an tuna kashi 56 cikin ɗari na abin da aka yi gwaji a kansa, wanda aka maimaita karantawa kuwa kashi 42. Wato tono abu daga ka yana kafa shi fiye da sake kallonsa. Gwanayen makarantar allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake kife allo a ce wa almajiri ya kawo hadda. A lura da abu ɗaya: ɗaliban wancan binciken da kansu suka tono amsa, ba a jera musu guda huɗu su zaɓa ba.

Bincike na biyu ya fi kusa da aji. Eric Mazur, malamin kimiyyar Physics a jami'ar Harvard, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya amma ba su fahimci ma'anar abin da suke lissafawa ba. Sai ya sauya salo. Zai jefa tambaya ɗaya mai buƙatar tunani, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai. Idan aji ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Bayan 'yan mintuna a sake zaɓe, kuma galibi masu amsar daidai sukan ƙaru tun kafin malami ya ce uffan. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi a jami'o'i, suka samu cewa inda lacca ce zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Duk cikin waɗannan babu wanda ya ce wata manhaja ce ta kawo sauyin. Tambaya ce mai kyau, da amsar kowa da kowa, da malamin da ya yi amfani da abin da ya gani.

Na ga wannan da idona a wani ajin ƙaramar sakandare. Malamar lissafi ba ta da majigi, yaran ba su da waya. Abin da take da shi wayarta ɗaya da katunan Plickers da ta buga a shagon kwafi. Kowane yaro da katinsa mai wani zane baƙi, gefensa huɗu, kowane gefe yana nufin A, B, C ko D. Ta rubuta a allo: 1/2 + 1/3. Cikin amsoshin ta sa 5/6, ta kuma sa 2/5 da gangan, domin ta san yaron da bai gane ba zai tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Yara suka ɗaga katuna, ta zagaya da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan. Ta dubi wayar, ba ta faɗi amsa ba. Cewa ta yi, "Ajin nan ya rabu biyu. Kowa ya tambayi maƙwabcinsa dalilinsa." Aji ya kaure da musu. Can baya wata yarinya da ban ji muryarta ba tun shigowata ta zana lemo a bayan littafi tana ce wa ƙawarta, "Ke, rabi kaɗai ai ya fi biyu cikin biyar, ta yaya za a ƙara masa wani abu kuma ya ragu?" Da malamar ta ce "Kun gane?", wannan yarinyar da ƙawarta duk "e" za su ce.

Wannan shi ne babban alherin irin waɗannan kayan aiki a wurina: suna ɓoye mai amsa daga idon 'yan aji, suna bayyana shi ga malami. Katin Plickers na kowa zanensa daban ne, ba ka iya leƙen na maƙwabci ka kwafa. A Mentimeter ɗalibin jami'a yana iya rubuta tambayar da yake jin nauyin yi ba tare da sunansa ya fito ba. A ajin da 'yan gaba uku ko huɗu suka mallake ɗaga hannu, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, musamman ga 'yan mata.

Inda nake da ja shi ne batun gudu. A tsarin Kahoot! na asali, maki yana raguwa gwargwadon jinkirinka, ga kiɗa, ga agogo yana ƙirga daƙiƙa, ga sunayen na gaba ana haskawa bayan kowace tambaya. Aji yakan yi armashi sosai, ba musu. Amma tun a shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta nuna cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Manhajar da ke saka wa mai sauri tana jan aji zuwa inda Rowe ta ce a baro. A wurinmu abin ya fi ciwo, domin tambayar da Turanci take zuwa. Yaron da ke fassara ta a zuci zuwa Hausa ko Fulatanci ko Kanuri kafin ya fara lissafi, an riga an wuce shi. Makin da ya samu awon saurin karatun Turancinsa ne, sunansa kuma kullum a ƙasa, a gaban kowa. Bayan 'yan makonni sai ya koma danna duk abin da hannunsa ya faɗa a kai. Ana iya kashe makin ko a tsawaita lokacin, ana kuma iya rubuta tambayoyin da Hausa, amma sai malami ya san yana da wannan zaɓin.

Haka nan tambaya mai zaɓi huɗu tana da iyaka. Tana kama kuskuren fahimta idan an gina amsoshin ƙarya a kan kurakuran da yara suka saba yi, kamar 2/5 ɗin can. Ba ta koya wa yaro tsara jimla ko kare hujja. Yanzu da manhajojin suka sa ƙirƙirarriyar basira mai fitar da tambaya ashirin cikin ƙiftawar ido, jarabar ta ƙaru: malami ya karɓa bai duba ba, tambayoyin su zama na haddar suna da shekara, amsoshin ƙaryar kuma waɗanda ko mai barci ba zai zaɓa ba. Na'ura ba ta san inda yaran ajinka suke tuntuɓe ba, kai ka sani.

Sai kuɗi. Ɓangaren kyauta yakan taƙaita yawan ɗalibai ko nau'in tambaya, cikakken kuma da dala ake biya duk wata ko duk shekara. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, a watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Na taɓa zama a ajin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, kafin a tayar da janareta, majigi ya dawo, yara su sake shiga, an kaɗa ƙararrawa. Darasin minti arba'in bai da rarar da za a yi irin wannan asarar. Kuma manhaja tana iya mutuwa: Google ta rufe Jamboard a ƙarshen 2024, malaman da suka tara darussa a ciki sai da suka kwashe kayansu.

Akwai kuma abin da ba a cika magana a kai ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta duba manhajojin karatu 163 da gwamnatoci suka amince da su lokacin korona, ta samu kashi 89 cikin ɗari suna iya bibiyar yara ko tattara bayanansu. Najeriya tana da dokar kare bayanai ta 2023, don haka makarantar da ke zuba cikakkun sunayen yara a wata manhaja ba tare da sanin iyaye ba tana ɗaukar wa kanta nauyi. Ita wayar ma ana ta korar ta daga aji. Faransa ta hana ta a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta bi a 2024, Brazil a 2025. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya yi kira da a yi amfani da ita ne kawai inda ta tabbata tana taimakon koyo. Ba hikima ba ce mu rungumi tsarin da sai kowane yaro ya riƙe waya a daidai lokacin da masu wadatar wayar suke karɓe ta a bakin ƙofa.

Saboda haka zaɓin ya danganta da ajin da ke gabanka. Malamin jami'a mai ɗalibai ɗari uku, kusan kowa da waya, Mentimeter ko Slido za su yi masa amfani, in dai akwai sabis a ɗakin laccar. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta tana shirya yara don JAMB, Google Forms ko Wayground sun fi dacewa, domin kowa yana tafiya da saurinsa, malami kuma ya samu rahoton tambayar da ta fi kayar da su. Kahoot! a bar ta ga bitar ƙarshen mako, a rukuni-rukuni, kada makinta ya shiga sakamakon zango. Ga ajin gwamnati kuwa, inda manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare amma a zahiri a tarar da ninkin haka, Plickers ce ta fi kusa, ko da yake katunanta 63 ne iyaka, sai a haɗa yara biyu-biyu. In ita ma ba hali, ƙaramin allo da alli a hannun kowane yaro yana yin aikin. Dylan Wiliam, masanin auna karatu a Ingila, ya daɗe yana kira ga malamai su yi amfani da ƙananan alluna da yara za su rubuta amsa su ɗaga gaba ɗaya. Allo kuwa ba baƙonmu ba ne, kuma ya fi katin zaɓi da abu guda: yaro da hannunsa yake rubuta amsar.

Ga shugabannin makarantu da masu su, roƙona ɗaya ne. Kafin ku biya kuɗin wata manhaja a zango mai zuwa, ku ware wa malamanku awa ɗaya kowane mako su zauna tare, 'yan darasi ɗaya, su fito da kurakuran da suka gani a littattafan yara, su gina tambayoyi biyar a kansu. Ku gwada su da allo ko kati na tsawon zango guda, sannan ku shiga aji ku ga abin da malami yake yi idan rabin yara suka ɗaga amsar da ba daidai ba. In ya tsaya ya sake bayani, ku saya masa duk manhajar da aljihunku zai ɗauka. In wucewa yake yi zuwa tambaya ta gaba, ku kashe kuɗin a kan horar da shi tukuna.